Ranar da Na Kwashe wa Baba Shanya

Tsakiyar damina ce, lokacin marka, kuma daminar wannan shekara ba ta yi rowa ba ko kaɗan. Ruwa ya sauka da safe, ya ɗan huta, ya dawo da la'asar. Masara ta yi kyau har a bakin kwata, duk inda ka bi a titin Samaru ƙamshin gasasshiya ne ke tarbarka. Wanki ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, amma ban tuna shekarar da gidanmu ya yi ta rawar jiki kamar wannan ba. Babbar 'yata ta gama koyon ɗinki, uwar ɗakinta ta sa ranar yaye.

A shagon da take koyo, can Sabon Gari wajen Dogarawa, yaye ba cin shinkafa kawai ba ne. Iyaye ne ke kawo keken ɗinki, a girke shi a gaban jama'a, yarinya ta hau ta yi ɗinki kowa yana kallo. In zare ya tafi sumul, sai guɗa, a miƙa mata almakashi da abin awo, daga ranar ta zama tela. In keke ya yi gardama, ba wanda zai ce uffan a wurin, amma matan unguwa ba sa mantuwa. Babu wadda za ta ɗauki atamfarta mai tsada ta kai wa yarinyar da kekenta ya ba ta kunya ranar farko.

Maigidana direban babbar mota ne, lokacin yana kan hanyar kudu. Ya bugo waya ya ce in ya dawo zai nemo sabo a kanti. Mahaifinsa, wanda muke kira Baba, yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya ji. Ya ce a miƙo masa wayar.

"Kai," ya ce, "rabin kekunan Zariya ta hannuna suka bi. Jikata ba za ta hau na kanti ba ina raye. Ka dai kula da tuƙinka."

Keken da yake nufi na marigayiya matarsa ne, baƙi wuluk, mai zanen furanni da suka koɗe. Kansa yana ƙarƙashin gadon Baba tun rasuwarta, ƙafafunsa suna ɗakin ajiya kaji na kwana a kai.

Baba tsohon soja ne, kuma yanzu da ba ya duniya nakan zauna in yi ta mamakin yadda rai ɗaya ya ɗauki duk abin da nasa ya ɗauka. Ba wanda ya san shekarunsa, har shi kansa. In aka tambaye shi sai ya ce ya girmi kwaltar Samaru, kuma da gaskiyarsa. An haife shi a wani ƙauye gabas da Zariya, gidan manoma masu bin addinin gargajiya, a soja ya fara shiga coci. Bayan ya ajiye kaki ya taɓa sana'o'i iri-iri kafin ya kafa shagon gyaran keken ɗinki a unguwar PZ, inda ya zauna har yanar ido ta rufe masa gani. A shekarar da nake magana haske da inuwa kawai yake bambancewa, hannunsa kuma ya fara rawa. Duk da haka kullum da safe sai ka ji shi yana goge takalmi, ko da ba inda za shi.

Labaransa kuwa rabi-rabi na san su. Ni surukarsa ce, kuma tarbiyyar ƙauye aka yi mini. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa hawa tabarmarsa ba, ban taɓa cin abinci yana wurin ba. Gaisuwa daga bakin ƙofa nake yi, a durƙushe. Shi ma in yana son abu ba ya juyowa wajena, sai ya fuskanci bishiyar gwaiba ta tsakar gida ya ce, "Da za a samu ruwan zafi, da an gode." In yana ba yara labari, ina madafa, farkon ya shigo kunnena, tsakiyar turmi ya cinye.

Da jikar tasa kuwa ba kunya ba tsoro. Ranar da aka jawo kan keken daga ƙarƙashin gado ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Tsoho, wannan baƙin ƙarfen za ka ba ni? Ai ya girmi babana."

"Amaryata, a kansa kakarki ta ɗinka wa rabin Jushi kayan Kirsimeti."

"Ka saya mini mai lantarki, in ba haka ba na fasa auren."

"Ki fasa mana. 'Yan mata na layi a kaina a bakin coci."

"Masu dogara sanda ko?"

"Mai lantarki," ya ce, "ranar da aka ɗauke wuta sai ki zauna ki yi masa waƙa."

Ta yi dariya ta ɗauki jakarta. A makon nan a gidan uwar ɗakinta take kwana, suna ɗinkin ankon yaye, don haka duk abin da ya biyo baya ba ta san shi ba.

Wata safiya gari ya waye tas, rana ta fito kamar ba damina ba. Baba ya gaya wa gwaiba yana son farin ƙyalle mai faɗi da kananzir a kwano. Na kawo na ajiye. Ya shimfiɗa ƙyallen a tsakar gida inda haske ya fi ƙarfi, ya fara kwance keken. Ina leƙensa ta tagar madafa. Duk abin da ya cire sai ya wanke a kananzir, ya goge, ya ajiye daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kowane noti kusa da abin da ya fito daga jikinsa. Yana yi yana magana shi kaɗai.

"Haka aka koya mana da bindiga. Wanda ka fara cirewa shi ne na ƙarshen mayarwa. In jerinka ya yi daidai, ko an ɗaure maka ido za ka haɗa."

Kafin azahar keken ya zama ƙwarangwal, ƙyallen ya cika da ƙananan ƙarafa suna ƙyalli. Baba ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce zai leƙa wani maƙwabci da ba shi da lafiya, kafin ya dawo sun sha iska.

Ina tankaɗe na ji iska ta juya, ganyen gwaiba ya kife. Duk macen da ta girma a ƙauye ta san wannan iskar, ƙafarta ce ke tashi kafin kanta. Na kwashe garin da na shanya, na fizge wanki daga igiya, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Na waiwaya na ga farin ƙyalle a shimfiɗe da kaya a kai. Ban tsaya tunani ba. Na kama kusurwa huɗu na haɗe, yadda ake yi wa barkono, na ruga ɗaki. Sai da na dire ƙunshin na ji ya ce kacau, sannan hankalina ya dawo jikina.

Da ruwa ya tsagaita Baba ya shigo. Ya taɓa ƙasa da sanda inda ya bar ƙyallen, ya ji laka.

"Wa ya taimake ni?"

"Ni ce, Baba," na ce daga bakin ƙofa. "Ruwa ne ya taso."

Na kawo ƙunshin na ajiye a gabansa. Ya sa hannu a ciki ya juya, ƙarafan suka yi ƙara.

"An kyauta. Ba su jiƙe ba." Sai ya ƙara da cewa, "A bariki, wanda ya yi irin wannan taimakon, tsallen kwaɗo zai yi daga nan har Kwangila."

Ya yi dariya, amma gajeriya.

Washegarin ranar ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana ƙoƙarin sake jerawa. Manyan ya gane su. Ƙananan ne suka ƙi, notuna kamar ƙwayar gero, kowane kamar ɗan'uwansa. Ya ɗauki ɗaya, hannu ya yi rawa, ya faɗi, ya yi ta lalube a tabarma. Na ce ko a kira wani makaniki daga kasuwa. Ya ce yaran yanzu da guduma suke gyara, waɗanda suka san irin wannan keken duk suna maƙabarta. Can da rana ta yi sama na ji ya ajiye sukudireba a hankali.

"A aika wa yarinyar nan," ya ce wa gwaiba, "a ce ta yi haƙuri. A ari na wani a kai mata."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Kuma keken aro kowa yana gane shi a wurin yaye, don mai shi yakan zo ya tsaya a kai kamar an ce za a sace. Na tsaya da ludayi a hannu. Sai na sauke tukunya, na wanke hannu, na gyara ɗaurin kallabi, na taka har bakin tabarmar. Na zauna a can gefe, rabin jikina a ƙasa, fuskata na kallon bango.

"Baba, in za ku riƙa faɗa, ni sai in zama hannun."

Har na fara shirin tashi.

"Kin iya riƙe sukudireba?"

"Na iya riƙe tsinken kitso."

"To matso. Daga can sai dai ki gyara bango."

Haka muka fara. In ɗauki ƙarfe in sa masa a tafin hannu, ya murza shi da babban yatsa, ya faɗi aikinsa da inda zai zauna. "Waɗannan haƙora ne, su ke jan yadi, ajiye dama. Wannan na gidan allura ne. Wannan da wancan kamar ɗaya suke, amma taɓa ki ji, ɗaya ya fi tsini." Na taɓa, na ji. A ranar na fara ganin hannunsa kusa, na ga ɗan yatsansa na hagu ba kai.

"Kowa cewa yake harsashi ne," ya ce, kamar ya ga inda nake kallo. "Injin niƙa ne, a Jushi. Kada ki gaya wa yara."

Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki da gefen zani. Daga nan bakin Baba ya buɗe, kuma a karon farko ba turmi tsakanina da labarin.

"Ina noman gero da babana, sai ga motar soja ta tsaya a bakin hanya ana neman samari. Na ce zan zagaya. Fartanyata tana nan inda na jingine ta, sai dai in gara ta cinye. Da aka zo awon tsawo ban kai ba, na yi ɗage. Saja ya zagayo ta baya ya dubi dugadugaina, ya ce wanda ya iya ƙarya da ƙafa ai zai iya fareti. Ɗaure wannan, kada ki matse da yawa."

Na ɗaure.

"Aka zuba mu a jirgin sama, ni da ko jirgin ƙasa ban taɓa shiga ba. Na riƙe kujera har muka sauka, wai kada in zame. Wata ƙasa ce mai daji, rana ba ta taɓa ƙasa. Wannan ruwan naku na Samaru da ya sa ki gudu, a can yayyafi ne. Mun haye wani kogi da igiya, ruwa har wuya, bindiga a ka. Ina tsakiya wani abu mai kaushi ya goge mini cinya ya wuce. Har yau ban tambayi sunansa ba."

"Ba ku yi ihu ba, Baba?"

"Da wane bakin? Takalmina na rataye a wuya, igiyarsa na ciza."

A can ya fara taɓa keken ɗinki. Shi ne mai gyara bindigogin rundunarsu. Suka shiga wani gari da mutane suka gudu suka bari, suka tarar da keke a shagon tela ya yi tsatsa, ga kakin kowa ya yayyage. Kyaftin ya ce duk abin da ke da ƙarfe da mai aikin Baba ne. Ya shimfiɗa tawul ya kwance shi kamar bindiga, ya haɗa, keke ya tashi. Ya ce ranar ya ga abin da bai taɓa gani ba, ƙarfe yana aiki ba wanda ya faɗi matacce.

Kwanakin nan ko ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma ban leƙa ba. Tuwo ya yi ta makara, ƙananan yarana suna dawowa makaranta su tsaya suna kallonmu baki buɗe. Ni kuwa da na idar da shara sai in ji ƙafata na ja na zuwa tabarmar. Na ji yadda ya yi fataucin kifi daga tafkin Chadi, kwalekwale ya kife da su, ya fito da kifi ɗaya tak a cikin riga. Na ji yadda ya yi aikin haska fim a wata sinima a Sabon Gari, ya taɓa sa ƙarshen fim a farko, 'yan kallo suka yi ta tafi don mugun ya mutu da wuri. Ya yi haƙar rijiya, ya yi tallan burodi. Ya riƙe 'ya'yansa da na ƙannensa a ɗaki biyu, duk Asabar a jera su a duba farce da bayan kunne. Sai a lokacin na gane dalilin da maigidana, da furfurarsa, yake duban farcensa duk safiyar Asabar.

"Wannan keken kuwa," ya ce, yana shafa ƙwarangwal ɗin da ya fara cika, "shi ya yi mini aure. Wata yarinya ta kawo shi shagona a ka. Na gyara, amma na bar noti ɗaya sako-sako don ta dawo. Ta dawo. Na ɗaure shi na sassauta wani. Da abin ya ishe ta ta ce, Kofur, ko ka gyara keken nan ko ka je ka ga babana, na gaji da ɗauka."

Ana jibi yaye ƙyalle ya zama fayau, komai ya koma mazauninsa. Baba ya bi jikin keken da yatsa daga sama har ƙasa, ya tsaya a gaba, wajen da zare ke bi kafin ya gangara allura.

"Ina 'yar wayar nan?"

Wata siririyar waya ce mai lanƙwasa, ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ita ke jan zare ta saki a kowane taki. In babu ita zare sai ya cukurkuɗe. Na kaɗe ƙyalle, na ɗaga tabarma. Na fita tsakar gida na kwashe lakar hanyar da na bi ranar ruwan, na wanke ta a rariya kamar mai neman zinariya. Na samu maɓalli, na samu ɗan kunnen da ya ɓata tun bara. Waya babu.

"Gobe sai PZ," in ji Baba, muryarsa har da wani daɗi a ciki.

Da safe ya fito da hular soja da takalmi yana walƙiya. A bas na sa shi gaba kusa da direba, ni na shige can baya. Tun daga Samaru har Sabon Gari yana gaya wa direba inda kowane rami yake, direba yana cewa, "Baba, wannan an cike shi," shi kuma yana cewa, "Jira dai." Sai mu faɗa.

Muna sauka aka fara kira ta ko'ina. Kofur ya dawo, Kofur ina ka shiga. Masu shago suna fitowa, wani ya kawo kujera, wani ya kawo lemo. Baba ya miƙe ƙirji, sandar ma ya daina dogarawa, ya saƙale ta a hammata. Muka tsaya a shagon wani tsoho ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan keken ɗinki, wanda suka yi maƙwabtakar shago shekaru masu yawa. Su biyun sun ce sun taɓa harbin juna daga gaɓa biyu na kogi ɗaya a lokacin yaƙin basasa.

"Kofur, ba ka mutu ba?"

"Kai da ka kasa da bindiga, tsufa ne zai iya?"

"Da gangan na bar ka. Na san za ka zo ka riƙa cinye mini goro."

Suka rungume juna suna tari. Baba ya kwatanta wayar. Tsohon ya zazzage gwangwanaye, ya kawo na zamani iri-iri, Baba yana taɓawa yana turewa, wannan gajere, wannan ya yi kauri. Daga ƙarshe tsohon ya ce kamfanin da ke yin irin wannan keken ya rufe tun kafin a haifi 'ya'yansa. Baba kuwa ko a jikinsa.

"Aika a samo mini tsohuwar igiyar birkin babur. Da ƙusa 'yar siririya."

Da muka dawo gida ya sa na warware igiyar na zare sili ɗaya. Ya ce in naɗa shi a jikin ƙusa, zagaye kusa da zagaye, in bar jela in lanƙwasa ta kamar ƙugiya. Ta farko ta karye. Ta biyu ta kwance ta daki goshina. Na ɓata da yawa, yatsuna suka yi ja, kowace in sa masa a hannu ya danna ya ce, "Saura kaɗan." La'asar sakaliya ya danna wata, ya sake dannawa, ya kai ta kusa da kunne.

"Sa ta."

Muka ɗora kan a kan ƙafafunsa, muka sa bel ɗin da ke juya shi, na zura zare, na taka a kan wani tsohon tsumma. Keke ya ce caka-caka-caka, layi ya fito. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Daidai nan maigidana ya yi sallama ya shigo da jakar tafiya. Ya ga matarsa da mahaifinsa kai a haɗe a kan keke, hannuna baƙi ƙirin da mai. Ya koma waje ya dubi ƙofar gidan, ya sake shigowa.

Ranar yaye aka kafa rumfa a gaban shagon, aka jera kekuna. Na sauran 'yan matan sababbi ne fil, wasu ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Namu yana ƙarshen layi, na ji wasu mata a bayana suna cewa wannan daga gidan tarihi aka aro shi. Baba yana gefena a kujera da hularsa. Abin da ke damuna, a kan tsumma mai laushi kawai muka gwada, ga shi an sha girgiza a mota. Uwar ɗakin kuwa da ta tashi raba abin gwaji, kaki mai kauri ta ninka ta miƙa wa kowace.

Aka zo kan 'yata. Ta zauna cikin ankonta, ta sa yadi, ta taka. Keke ya yi taku kaɗan, zare ya ce tas. Ta sake zurawa, ta taka. Ya sake tsinkewa. Har mai kiɗa ya tsaya.

"Me ya faru?" in ji Baba a hankali.

"Zare na tsinkewa."

"Wayar ce ta yi tsauri, kaki ya fi ƙarfinta. A sassauta notin gefe, a kwantar da jelar kaɗan." Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya ciro sukudireba daga aljihun gaba ya miƙo mini. "Je ki."

Ni da ko a taron mata na coci ba a jin muryata. Ga jama'a, ga 'yar fari da ko sunanta ba na kira. Amma na ga ƙeyarta ta sunkuya, na san hawaye ne ke tahowa. Na karɓa na ratsa tsakiyar rumfa, na durƙusa a gaban keken.

"Mama, me kike yi?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga hannunki."

Na sassauta notin, na danna jelar da babban yatsa har na ji ta yi laushi irin wanda Baba ya nuna mini, na ɗaure. Na zura zaren da kaina.

"Yaushe kika..."

"Taka."

Ta taka. Caka-caka-caka, allura ta shige kaki kamar tana shiga tuwo. Ta kai ƙarshe ta juya yadin ta dawo, ta ƙara wuta, ƙarar ta cika rumfar. Sai ga muryar Baba daga baya, irin ta filin fareti, wadda ban taɓa ji ba: "Hagu, dama, hagu, dama!" Ashe ya miƙe, ba sanda ba mai riƙewa, ya ƙame ya sara wa keken. Guɗa ta tashi ta ko'ina, har da matan gidan tarihi. Uwar ɗakin ta karɓi kakin ta duba gaba da baya, ta ja da hannu biyu, ta ja da haƙori, ta ɗaga sama ta ce wannan keken ko fata aka ba shi zai ɗinka.

'Yata ta karɓi almakashinta ta rugo ta faɗa jikin kakanta.

"Tsoho, na fasa fasawar."

"Kin makara," ya ce. "Layi ya yi tsawo."

Mai kiɗa ya saki kiɗa, Baba ya shiga fili yana taka rawa irin ta soja, abokinsa na PZ yana biye da shi da lema a kafaɗa a madadin bindiga. Maigidana yana ta roƙonsa ya zauna. Kafin a tashi mata uku sun ba ta ɗinki. Muna shiga mota hadari ya haɗo, muka iso Samaru cikin ruwa, a jiƙe, muna ta dariya.

Washegari da sassafe, kafin in hura wuta, na tuna wayar nan guda ɗaya ce tak a duniya, kuma kaki ba zai daina zuwa shago ba. Na ɗauko ragowar igiyar birkin da ƙusar, na zauna a bakin madafa na naɗa wasu. Da Baba ya fito da ƙafafu a kumbure na zuba masa su a hannu. Ya danna su ɗaya bayan ɗaya, ya jefar da biyu, ya ce sauran za su yi. Na zuba su a gwangwanin man shafawa, na ɗiga musu man keke, na yafa mayafi na nufi tashar bas ɗin Sabon Gari, in kai su shago wurin keken.